Waya biyu a bayan saba, rezo kuma ya faɗi: a buɗe direban katin a duba

Assalamu alaikum.

Malam Edita, barka da aiki. Muna roƙon fili a jaridarka domin wata magana da ta shafi ƙannenmu masu aikin rezo, wato haɗin kwamfutoci, a nan Damagaram, waɗanda ke kula da saba, babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, a ofisoshi, asibitoci, makarantu da gidajen rediyo. Tun da wayar gilashi ta ƙaru a yankinmu, har da reshen da ya tashi daga Zinder ya bi ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, kowane shugaban ofishi so yake kada sabarsa ta yanke ko na minti ɗaya. Abin da aka saba yi shi ne a sa wa sabar katin rezo biyu, a ja waya biyu, a ɗaure su dami guda a cikin Linux da sunan bond0, a sa hannu a takardar kammala aiki. Ranar da waya ɗaya ta mutu sai a ga rezo ya tsaya cak, alhali ga ta biyun nan fitilarta na ci. Ko kuma dukansu lafiya lau, amma ɗaya ce ke ɗauke da kaya, ɗayar tana zaune. Nan take a ɗora wa waya laifi, ko suwic, akwatin da wayoyin ke haɗuwa a cikinsa, a aika Kano ko Yamai a sayo sabo, matsalar kuma tana nan inda take. Sau da yawa cutar tana cikin direban katin, wato manhajar da ke tsakanin zuciyar Linux, da ake kira kanel, da ƙarfen katin, kuma gyaranta ba ya wuce layi goma ko ashirin na kod. Wannan muke so mu warware, domin kuɗin da ake zubarwa a banza yana damunmu.

Dabarar damin ta daɗe. Asalinta daga facin, wato gyaran kod, da Donald Becker ya rubuta wa kwamfutocin Beowulf ne a zamanin Linux 2.0, yau kuma kod ɗinta yana cikin drivers/net/bonding. Shi bond0 ba shi da ƙarfe ko ramin soka waya. Idan fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanai, ya zo fita, sai ya zaɓi kati ɗaya daga cikin nasa ya miƙa masa. Idan fakiti ya shigo ta wani kati, sai bond_handle_frame ya tare shi, ya canza sunan na'urar da ke jikinsa zuwa bond0, ya tura shi sama. Salon zaɓen bakwai ne, daga 0 zuwa 6, amma biyu ne suka fi yawa a wurinmu. Akwai salo na 1, active-backup, inda kati ɗaya ke aiki, ɗayan yana zaman ko-ta-kwana. Akwai salo na 4, 802.3ad, inda saba da suwic ke yin yarjejeniya ta LACP su raba kaya tsakanin wayoyin. Ƙa'idar ta fito ne a shekarar 2000, aka mayar da ita 802.1AX a 2008. Abin riƙewa a nan shi ne damin ba ya ganin waya da idonsa. Duk abin da ya sani, direba ne ya faɗa masa. In direba ya yi masa ƙarya, da ƙaryar zai yanke hukunci.

Kafin a taɓa kod, a fara kawar da abubuwan da ba na direba ba, don kada a ɓata mako ana neman allura a inda ba ta faɗi ba. A buga ip route, a tabbatar babu wata hanya ko adireshin IP da ya rage a kan katunan biyu, eth0 ko eth1, su kansu. Idan tsohon saiti ya bar hanya a kan eth0, tana iya shan gaban ta bond0, fakiti ya riƙa fita ta bayan gida. Sannan a tuna 802.3ad ba ya haɗa waya biyu da suka shiga suwic biyu daban-daban, sai in suwic ɗin an ɗaure su suna aiki kamar ɗaya. Wanda yake da ƙananan suwic biyu na kasuwa, salo na 1 ne nasa.

Sai maganar rabon kaya, wadda ita ta fi ruɗa mutane. Waya biyu masu gigabit ɗaya-ɗaya ba za su ba kwafin fayil guda gigabit biyu ba. A salo na 4 damin yana ajiye kowace hira a kan waya ɗaya da gangan, domin kada fakitoci su iso a hargitse, TCP, ƙa'idar da ke tabbatar da isarsu, ya ɗauka sun ɓata ya rage gudu. Zaɓen wayar kuwa da lissafi ake yinsa, kuma na asali, layer2, ba ya duban komai sai bayit na ƙarshe na adireshin MAC, wato lambar shaidar kati, na mai aikawa, da na mai karɓa, da nau'in fakitin. Mu ɗauka adireshin damin ya ƙare da 1a, wato 26, na rauta kuma, na'urar da ke fitar da kaya zuwa intanet, ya ƙare da 2c, wato 44. Idan aka gwama su da XOR, lissafin da ke gwada su bit da bit, 54 ke fitowa. A haɗa da 2048, lambar nau'in fakitin IPv4, ya zama 2102. A raba da biyu, babu saura, saboda haka kati na farko. Yanzu a lura: duk abin da zai fita intanet, ta rautar nan zai bi, adireshinta kuma ba ya canzawa. Ko mutum ɗari biyar ne suke amfani da sabar daga waje, amsar kullum 2102 ce, kati na biyu ba zai ga komai ba. Nan babu laifin kowa, saiti ne. A mayar da xmit_hash_policy zuwa layer2+3 don adireshin IP ya shiga lissafin, ko layer3+4 don lambar ƙofar TCP da UDP ta shiga. Na biyun ya fi raba kaya, sai dai bai cika ƙa'idar 802.3ad ba, domin fakitin da aka gutsuttsura ba shi da lambar ƙofa a kowane gutsure, yana iya bin wata wayar dabam. Kuma wannan saitin na fita ne kawai. Abin da ke shigowa, suwic ne ke zaɓar wayarsa da nasa lissafin, sai an je can an gyara.

Shi kansa lissafin layer3+4 ya taɓa samun cuta, labarin gyaranta kuma ya isa darasi ga mai son wannan aiki. A 2015 Eric Dumazet ya yi wani canji a TCP wanda ya sa kwamfuta ta fi son ba wa hirar da za ta fita lambar ƙofa mai rabuwa biyu daidai, irin su 40000, 40002, 40004. Canjin yana da dalilinsa mai kyau, kuma ba a cikin damin aka yi shi ba. Amma da yake damin mai kati biyu yana raba sakamakon lissafinsa da biyu ne ya dubi saura, bit na ƙarshe shi ne alƙali, shi kuma ya daina motsi sosai. Sai aka wayi gari an buɗe hira da yawa zuwa saba guda, galibinsu sun taru a kan waya ɗaya. A ƙarshen 2017 Hangbin Liu ya aika faci: a jefar da bit na ƙarshen kafin a raba. Ɗan canji ne ƙwarai a cikin bond_xmit_hash. Wanda sabarsa ke kan tsohon kanel na tsakanin waɗannan shekaru, ba tare da facin ba, zai iya ganin wannan da idonsa idan ya buga iperf3, manhajar auna gudun rezo, da hira takwas ya dubi ƙididdigar kowane kati.

To, mu shiga direba. Ƙarya ta farko da direba ke yi ita ce ta lafiyar waya. Idan aka sa miimon=100, damin yana leƙa kowane kati sau ɗaya a milisakan 100, yana tambayar netif_carrier_ok. Amsar tana zuwa ne daga tutar da direba ke ɗagawa da netif_carrier_on, ya sauke da netif_carrier_off. Matsalar ita ce sabuwar na'ura a Linux tana farawa ne da ɗaukar cewa waya na nan lafiya. Direban da bai taɓa kiran netif_carrier_off ba, katinsa ba zai taɓa mutuwa a idon damin ba. Ka zare wayar ka riƙe ta a hannunka, ka buɗe /proc/net/bonding/bond0, za ka ga layin MII Status yana cewa up, Link Failure Count kuma yana kan 0. Gyaran kashi biyu ne. A sauke tutar tun lokacin da direba ke kama katin, kafin a buɗe shi, kada a ɗaga sai ƙarfen ya tabbatar an gaisa da ɗaya ɓangaren. Sannan a tabbatar an kunna kiran gaggawar da kati ke yi idan halin waya ya canza, kuma mai amsa kiran yana karanta rajistar ya ɗaga ko ya sauke tutar. Akwai tarko a nan: bit ɗin da ke nuna lafiyar waya a rajistar BMSR, inda ƙarfe ke ajiye halin waya, yana maƙalewa a ƙasa idan waya ta taɓa yankewa, sai an karanta shi sannan ya saki, don haka mai son halin yanzu sau biyu zai karanta. Shawararmu ga mai rubuta sabon direba ita ce ya bar wa phylib ko phylink, kod ɗin da kanel ya tanada don haka, wannan aiki, an riga an sha wahalarsa a can.

Ƙarya ta biyu ta gudu ce, kuma salo na 4 take kashewa. LACP ba ya tara wayoyi a ƙungiya ɗaya sai gudunsu ya zo daidai, kuma kowace tana iya aikawa da karɓa a lokaci guda. Damin yana samun wannan bayani ne ta get_link_ksettings na direba. Wasu direbobi suna ɗaga tutar lafiya tukuna, sannan su je su karanta gudun daga ƙarfe. A ɗan tsakanin nan damin ya riga ya tambaya, an ce masa ba a sani ba, ko an ba shi tsohuwar lamba. Alamar a fili take: a cikin fayil ɗin nan na /proc, eth0 yana da Aggregator ID, wato lambar ƙungiya, 1, eth1 yana da 2, ko layin Speed ya ce Unknown. Ƙungiya ɗaya ce ke aiki a lokaci guda, saboda haka rabin ƙarfinka ya tafi. Gyaran bai wuce sauya jeri ba. A karanta gudu, a ajiye shi inda get_link_ksettings zai same shi, daga nan a kira netif_carrier_on. Idan waya ta mutu kuma, a mayar da SPEED_UNKNOWN da DUPLEX_UNKNOWN, kada a bar 1000 na jiya yana zaune.

Ta uku ita ce ta fi ci wa ma'aikaci rai, don kamar tana wasa da hankalinsa. Damin yana ɗaukar adireshin MAC na katin da ya fara shiga, ya umarci sauran su ɗauki irinsa ta ndo_set_mac_address. Direba mai rauni yana rubuta sabon adireshin a ƙwaƙwalwar kanel kawai, ya manta da rajistar matatar da ke cikin katin. Ka buga ip link, ka ga adireshi daidai. Amma ƙarfen yana nan yana jiran tsohon adireshin da aka buga masa a masana'anta, duk fakitin da ya zo da sunan damin sai ya watsar a bakin ƙofa. Muddin kati na farko na aiki, babu wanda zai sani. Ranar da aka koma kan na ko-ta-kwana, saba tana aikawa amma ba ta ji. Ga yadda ake kama shi: ma'aikaci ya kunna tcpdump, manhajar leƙen fakitoci, a kan eth1 don ya ga abin da ke faruwa, nan take rezo ya dawo. Ya kashe tcpdump, rezo ya sake ɗaukewa. Dalili shi ne tcpdump yana buɗe matatar katin gaba ɗaya ya karɓi kowane fakiti. A sake gwadawa da tcpdump -p, wanda ba ya buɗe matatar. In an ga shiru, an kama ɓarawon. A gyara ta yadda aikin canza adireshin zai kira eth_hw_addr_set, sannan ya rubuta bayit shidan a rajistar ƙarfe. A bi kuma duk hanyar da direba ke sake tayar da katin, bayan ya sandare ko bayan kwamfuta ta farka daga barci, a tabbatar daga dev_addr yake ɗauko adireshin. Da yawa suna komawa su karanto na masana'anta, aikin ya rushe bayan kwana uku ba wanda ya taɓa komai. Mai son salo na 6, balance-alb, kuma ya sani cewa shi yana canza adireshi ne kati na cikin aiki, kuma eth_mac_addr zai ƙi da EBUSY, wato kati na cikin aiki, in direba bai ɗaga IFF_LIVE_ADDR_CHANGE ba.

Ƴar'uwar wannan ita ce matatar saƙon taro. Saƙonnin LACP suna tafiya ne zuwa adireshi 01:80:C2:00:00:02 da nau'i 0x8809. Damin yana roƙon kati ya buɗe wa wannan adireshi, roƙon kuma ta ndo_set_rx_mode yake isa ƙarfe. In direba ya yi kuskuren lissafin matatar, ko ya share jerin lokacin sake tashi bai mayar ba, layin Partner Mac Address zai nuna sifili zalla, kamar suwic bai san LACP ba, alhali yana ta magana.

Yanzu ga inda aikin ya fi zurfi, kuma nan muke so ɗalibanmu, na Jami'ar André Salifou da sauran makarantun fasaha, su buɗe ido. Katunan zamani ba sa jiran kanel a kowane fakiti. Masu RDMA, wato masu kai bayanai kai tsaye daga ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa ta wata, masu ɗaukar aikin naɗe fakiti cikin wani fakiti irin VXLAN, da masu suwic a cikinsu, ana ba su ƙa'ida sau ɗaya ne, su ci gaba da tura kaya da kansu. Fakitin ba ya bi ta bond0 ko kaɗan. Ke nan direba ne da kansa zai faɗa wa ƙarfe ramin da za a fita, kuma nan ake yin kuskure iri biyu.

Na farko wajen neman hanya ne. Direba ya tambayi kanel ta ina ake zuwa adireshi kaza, kanel ya amsa da bond0, ko ma da bond0.20 idan akwai VLAN, wato rezon da aka ware da lamba a kan waya guda, a sama. Direban da aka rubuta ba a yi tunanin dami ba sai ya gwada amsar da katinsa, ya ga ba su zo ɗaya ba, ya ƙi aikin. Wani kuma ya fi wannan muni, ya ɗauki katin farko a jerin damin ya kafe a kansa har abada. Daidai shi ne a sauko mataki-mataki. In na'urar VLAN ce, a cire lambar a ajiye, a sauka da vlan_dev_real_dev. In abin da ke ƙasa dami ne, wanda netif_is_lag_master zai tabbatar, a tambaye shi da kansa. Tun Linux 5.8 na shekarar 2020 akwai netdev_get_xmit_slave, wanda ake ba wa samfurin fakiti ya faɗi katin da damin zai zaɓa masa. Kada direba ya kwafi lissafin rabon ya ajiye nasa. Mun ga a sama yadda lissafin ya canza a 2017, kuma duk mai kwafi a ranar ya rabu da gaskiya. A kula, ana kiran wannan aiki ne a cikin kullen rcu_read_lock, kuma ba ya riƙe maka na'urar. Mai son amfani da ita bayan ya saki kullen sai ya riƙe ta da dev_hold tun yana ciki, ya sake ta idan ya gama. Wanda ya manta riƙewa zai rushe kanel ranar da aka cire kati daga dami. Wanda ya manta sakewa zai ga saƙon unregister_netdevice yana ta maimaituwa yana jiran na'urar, ba za ta ciru ba sai an sake tayar da saba.

Na biyu, amsar yau ba ita ce ta gobe ba. Dole direba ya yi rajistar sauraron sanarwar kanel. NETDEV_CHANGEUPPER yana zuwa idan katinsa ya shiga dami ko ya fita, da bayanin salon rabon. NETDEV_CHANGELOWERSTATE yana zuwa idan halin kati ya canza a cikin damin, yana ɗauke da tuta biyu: link_up da tx_enabled. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi ta farko a ƙyale ta biyu. Katin ko-ta-kwana wayarsa lafiya take, link_up ɗinsa 1 ne, amma tx_enabled ɗinsa 0 ne, ba a ba shi izinin magana ba. Haka ramin LACP da bai gama yarjejeniya ba. In ƙarfe ya aika ta katin ko-ta-kwana, suwic zai ga adireshin MAC guda yana fitowa ta rami biyu, ya riƙa sauya shi tsakaninsu, amsoshi su riƙa zuwa katin da damin ba ya miƙa kayansa sama. Abin da mai amfani zai gani shi ne rezo mai zuwa yana ɗaukewa. Sharaɗin aikawa shi ne tutocin biyu duka su zama 1. Idan sanarwar ta zo, a bi duk ƙa'idojin da aka riga aka dasa a ƙarfe a sauya musu rami, kada a tsaya ga sababbi kaɗai. Ana kiran mai sauraron ne da kullen RTNL a riƙe, saboda haka doguwar magana da manhajar cikin kati a tura ta layin aiki na baya, kuma a tabbatar an soke wannan aikin kafin a cire direba. Idan kuma salon da aka zaɓa ƙarfen ba zai iya shi ba, gara direba ya ƙi tun a NETDEV_PRECHANGEUPPER da bayani a sarari, ko ya bar kayan su bi ta kanel. A ganinmu direban da ya karɓi abin da ba zai iya ba ya yi shiru ya fi wanda ya ƙi cutarwa nesa ba kusa ba.

Akwai abin da direba mai gaskiya ma ba zai iya gani ba, kuma yanayin garinmu yana yawan kawo shi. Ofisoshi da dama suna amfani da ɗan akwatin nan mai juya wayar gilashi zuwa ta jan ƙarfe. Gilashin ya karye a waje, ɓangaren jan ƙarfen yana nan da fitilarsa, sai in akwatin yana da dabarar isar da labarin yankewa kuma an kunna ta. Direba ya ce lafiya, kuma iyakar abin da ya gani ke nan. A salo na 1 maganin shi ne a bar miimon a koma arp_interval, wato damin ya riƙa aika tambayar ARP yana jiran amsa, misali kowane milisakan 500, da adireshin da za a tambaya, arp_ip_target, guda biyu ko uku daga cikin 16 da aka yarda, a ƙara arp_validate. Ba a haɗa shi da miimon, kuma ba ya aiki a salo na 4, 5 da 6. A salo na 4 sai a sa lacp_rate=fast: saƙo kowane sakan, a yanke hukunci bayan sakan 3. In an bar shi a slow, saƙo kowane sakan 30 ne, jira kuma sakan 90.

Sai ɗaukewar wuta. Suwic ɗaya yana kan ondila, batirin da ke riƙe wuta, ɗayan ba ya kai. Wuta ta dawo, na biyun ya kunna fitilar raminsa tun bai gama tashi ba, in kuma yana kan tsohon STP, ƙa'idar hana fakiti zagaye tsakanin suwic, zai ƙara sakan 30 yana saurare kafin ya fara wuce da kaya. Idan wannan ramin ne aka sa a matsayin primary, wato wanda aka fifita, damin zai ruga ya koma kansa, rezo ya yanke. A sa updelay, jiran da damin ke yi kafin ya yarda da wayar da ta tashi, ya wuce lokacin tashin suwic ɗin, a auna da agogo, in sakan 40 ne a sa milisakan 45000. A sa primary_reselect=failure don kada a bar waya mai aiki sai ta mutu. Kada a ji tsoron dogon jiran, domin idan babu wata waya mai rai ko ɗaya, damin yana kama ta farkon da ta tashi ba tare da jiran updelay ba. Bayan kowace sauyawa damin yana aika sanarwar ARP don suwic su san sabon rami. Guda ɗaya ce ta asali. In ta ɓata, suwic na iya riƙe tsohon bayani har sakan 300. A ɗaga num_grat_arp zuwa 3 ko 5. A watannin Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da lokacin ƙurar hunturu, a riƙa duba ethtool -m. Ƙananan na'urorin SFP na gama-gari, da ake soka wa wayar gilashi, iyakarsu digiri 70 ne a jikinsu, kuma akwatin da ƙura ta toshe wa iska yana kusantar haka. Link Failure Count mai hawa kullum da rana tsaka ba aikin kod ba ne, a share ƙura a gyara iska.

Gwaji kuma da hannu ake yinsa. Mutane suna buga ip link set eth0 down su ga an sauya, su ce an gama. Wannan umarni ta sama yake bi, kanel ne ke sanar da damin kai tsaye, bai taɓa hanyar da direba ke gane mutuwar waya ba, wadda ita ce ake zargi. A kunna ping -i 0.01 daga wata kwamfuta, wato ɗari a sakan, a je bayan saba a zare wayar. A kan gigabit na jan ƙarfe, ƙa'ida ta yarda ƙarfe ya kai milisakan 750 kafin ya ce waya ta mutu, a ƙara 100 na miimon, ke nan abin da zai ɓata bai kamata ya kai ɗari ba. In ya kai dubbai, akwai magana. A mayar, a jira, a zare ta biyun. A yi haka sau ashirin aƙalla, da kaya a kai ta iperf3 -P 8, ana duban ip -s link da ethtool -S na kowane kati. A kashe suwic daga soket a kunna. A cire kati daga damin a mayar ana cikin aiki. A sauke direba a ɗora. Wanda ba shi da saba biyu yana iya koyon halin damin a kan kwamfutarsa ta hannu da na'urorin kwaikwayo na veth da ip netns, kuma akwai gwaje-gwajen da aka tanada a tools/testing/selftests/drivers/net/bonding, sai dai cutar ƙarfe ba ta fitowa sai a kan ƙarfe.

Idan abin yana aiki a tsohon kanel ya lalace a sabo, git bisect zai nuno canjin da ya jawo shi, cikin gwaji goma sha uku ko sha huɗu ko da canje-canjen sun kai dubu goma. In an yi gyaran, Malam Edita, muna roƙon ƙannenmu kada su bar shi a kan saba ɗaya a ofishi ɗaya, domin sabuntawa ta gaba za ta shafe shi. A raba faci ɗaya ga cuta ɗaya. A bayyana alamar da aka gani, da salon damin, da sunan katin, da yadda za a maimaita. A sa layin Fixes da haruffa 12 na farkon lambar canjin da ya kawo cutar, a sa Signed-off-by, a wuce da shi ta scripts/checkpatch.pl, sannan scripts/get_maintainer.pl ya faɗi waɗanda ke kula da wannan direban, a aika musu.

Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan rezo,
Unguwar Birni, Zinder, Jamhuriyar Nijar